Rabin Aski

…kuma wa ya aike shi? Wa ya ce ya buɗe baki? Shekara talatin yana aski a shagon nan, hannu na aiki baki na aiki, ai dama wata rana bakin zai ja masa. Ga ta nan ta zo. Reza a hannu, kan ɗansa a gabansa, rabi a aske rabi da gashi kamar gonar gado da ake shari'a a kanta, shi kuma tsaye ƙiƙam. Gaba ta gagara, baya ta gagara.

A kan sarki fa. Sarkin da ya mutu tun ba a haifi kakan kakan kakansa ba. Titin da ya wuce ta ƙofar shago sunan sarkin ke jiki, 'yan makaranta suka tashi wai sai an cire allon, wai mugu ne. Shi ke nan shago ya samu abin taunawa. Ticha ya zo da safe, gyaran gemu kawai, ya zauna yana zuba: wai sarkin ya kewaye wani gari wata bakwai, da suka miƙa wuya sai ya sa aka tura su cikin rumbunansu, aka liƙe, aka cinna wuta. Maza, mata, har na goye. Yana faɗa murya na rawa sai ka ce da gwaggonsa a ciki.

Shi kuwa uban 'yan surutu, me ya ce? — "Ticha, ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Kawo min kan sarkin in duba ko da ƙwarƙwata." Dariya. Mai facin taya da ke zaman hira a shagon har da buga cinya. Daɗi ya kwashe shi ya ƙara gishiri: zamaninsu ne, kowa haka yake yi, in ba ka ƙona ba a ƙona ka. Wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba ai shi ne gwanin yanke hukunci. Har ya nuna benci da matsefi, ga soja nan, ku tambaye shi.

Ga soja nan. Innalillahi…

Wata uku da dawowar ɗan nasa daga bakin daga. Yaro? Mai shekara ashirin da bakwai. Kullum yana kan bencin nan, ido a kan gashin da ya zube a ƙasa. In uwarsa ta hura gawayi sai ya tashi ya bar gidan. Shi har tsiya ya yi masa a kai — sojan da ke gudun hayaki, to da me kuka ci yaƙin, da mafici? Yaron ya yi murmushi. Murmushi ne ma kuwa? Uwar ta kwashe wuƙaƙen gidan ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. Ta ce ka yi masa magana, kai ne uba. To ba magana yake yi ba? Tun safe har yamma me yake yi in ba magana ba?

Sai da shago ya watse, rana ta take, sannan yaron ya taso ya hau kujera. Baba, a kwashe duka. An shafa kumfa, an fara daga dama. Reza na tafiya sumul. Sai ta cikin madubi, ba tare da ya ɗaga ido ba, yaron ya fara ba da labari… wani ɗakin ajiya na kwano a gefen wani ƙauye. Daga nan ake harbinsu, an kashe musu mutum biyu. Kwamanda ya ce a rufe. "Ni na ɗaure ƙofar, Baba. Da waya. Irin ɗaurin da ka koya min." Wani ya kawo fetur. Da wuta ta kama, muryoyin da suka tashi ba na maza ba ne.

"To ni ma zamanina ne?"

Irin ɗaurin da ka koya min. Ƙofar bayan shago ce fa, lokacin da sakata ta lalace! A murɗa sau uku, a lanƙwasa bakin ciki, ko ɓarawo sai ya yi kuka. Har alfahari ya yi, ya ce hannun yaron nan hannuna ne…

Fanka na juyawa. Kan nan. Ya san kan nan fiye da tafin hannunsa. Ga tabon da ya samu a kan keke, ga makwanciyar gashin da ke juyawa hagu irin ta kakansa. A kujerar nan yake ɗora katako ya zaunar da shi don ya kai madubi, yana ihu kamar za a yanka shi. Da ya ɗan tasa shi ke share shago, ya tsaya da tsintsiya — Baba, gashi yana jin zafi in an yanke shi? A'a, ɗan nema, da yana ji da tuni an ɗaure ubanka.

Ya ce eh? Eh, zamaninka ne, umarni aka ba ka, yaƙi ne, kowa haka yake yi. Kalma huɗu biyar, ya saba, ɗazu ma ya faɗe su kyauta. Sai dai yaron zai gane. Zai gane irin maganar da ake yi wa Ticha ce don mai faci ya yi dariya. In ya tashi daga kujerar nan da wannan, ba zai ƙara tambayar kowa ba. Ina zai nufa?

Ya ce a'a? Mugunta mugunta ce, jiya da yau? Ya faɗa wa wa — wanda uwarsa ke kwana a kan wuƙaƙe?

Shi sarkin ma… ai yana da mai aski. Dole. Wani ne ya tsaya a bayansa washegari, ya jiƙa kan, ya ji ƙaurin. Gashi yana riƙe hayaki, duk mai aski ya sani, kwana uku ba ya fita. Me ya ce masa? Ranka ya daɗe, an yi aiki? Ko shiru ya yi yana kallon jijiyar wuya tana harbawa, tana harbawa… Na cikin rumbun fa, an gaya musu zamaninsu ne? Matar da ke da goyo ta ce to, ba komai, haka ake yi yanzu? Wutar da can ba ta da zafi ne? Kai. Ashe ba sai an jira shekara ɗari bakwai a zo da littafi ba. A ranar ma akwai wanda ya sani. Waɗanda ke ciki sun sani.

Shi ma Ticha, da sauƙi. Ya zagi matacce, ya shafa gemu, ya tafi gida cin abinci. A cire allo, a kafa wani, an gama. Wannan fa, a cire shi a kafa wa?

Sarkin ya tambayi wani kuwa? Da wuya. An yi masa kiɗa ya yi barci. Wannan yana tambaya. Ba ya iya barci, ba ya jure hayaki, ya kawo wuyansa ƙarƙashin reza yana tambaya. Ko wannan ne bambancin? To in shi ne, me ya ƙara wa na cikin ɗakin kwanon? Ya buɗe musu ƙofa?

Wani abu na tasowa a maƙogwaro, ya san shi — barkwanci ne, wallahi barkwanci, a kan ƙeyar yaron. Har a nan? Abin da ke cikin buhun nasa ke nan, shekara talatin, ba wani a ƙasa? Ya haɗiye. Ya sake haɗiyewa. Idon yaron ya ɗago cikin madubi, jajir, yana jira.

"Baba… kumfar ta bushe."

To. Ta bushe. Ya ajiye reza, ya tsoma burushi a ruwa, ya kaɗa, ya kaɗa. Yana shafawa a hankali, tafin hagunsa tallafe da goshin. Sai can ya lura gefen da ya riga ya aske yake shafa wa. Bai daina ba.