Kaset ɗin da Rabi'u ya samo a Maiyama

Waliyyu mai gyaran rediyo a Jega ya daɗe yana tara kaset-kaset na tsofaffin fina-finai, irin waɗanda ake bincike ana dariya, ɗan sanda na ta shirme har ya kama ɓarawo. Shi kaɗai ke da bidiyo mai aiki, don haka ranar kasuwa da la'asar shagonsa cika yake yi. Abokinsa Rabi'u, dillalin albasa daga Aliero, shi ma yana tarawa, amma a wurin Waliyyu ya koyi abin.

Akwai wani fim na satar agogon alƙali da Waliyyu ya gani tun yana saurayi. Ya neme shi har Sakkwato, bai samu ba. Rannan sai ga Rabi'u ya shigo da shi a cikin leda, baki har kunne.

"Malam Waliyyu, duba abin da nis samo Maiyama! Wani tsoho ne da yat taɓa riƙe gidan kallo, kyauta yab ba ni."

Waliyyu ya juya kwalin, ko yagewa bai yi ba. Ya dai sa kaset ɗin.

Mutane suka yi ta kwasar dariya suna dafa kafaɗar Rabi'u. "Kai, yau ka fi maigidanka!" in ji wani mahauci. Rabi'u, wanda bai taɓa ganin fim ɗin ba, ya miƙa wuya yana ta canka: direba ne, a'a, kuku ne.

"Matar alƙalin ce ta ɗauka," Waliyyu ya ce da ƙarfi. "Cikin tulu ta ɓoye shi."

Rabi'u ya dube shi, ya tashi ya ciro kaset ɗinsa, ya hau babur ya tafi.

Ba a daɗe ba Rabi'u ya sayo nasa bidiyon, 'yan kallo suka koma Aliero. Waliyyu na jin labarin a bakin masu keke, yana cewa ai hoton can ba ya fita da kyau.

Wata Juma'a ya je Aliero da sunan sayen albasa. Ya bi ta ƙofar gidan Rabi'u, ya ga takalma jibge a bakin zaure, ya ji dariyar mahaucin nan. Ya ɗan tsaya, sannan ya wuce bai yi sallama ba.