Ranar Da Aka Tafa Wa Gidi

"In kujeru ne suka yi maka yawa, ƙona su," in ji Mena. "Amma baƙo ba zai zauna ya kalli wankinmu ba."

"Inna, ba ra'ayina ba ne. Alkawari aka yi."

"Wa ya yi alkawarin?"

"Kwamiti."

"Wane ne shugaban kwamitin?"

Kassian ya kau da kai, don shi ne shugaban. Ni kuwa ina zaune a gefe, a ɗakin girkin sabon zauren wasanmu, ina ɗinke gemun ƙarya da zaren da ba na ma gani sosai. Na sunkuyar da kai kamar ba na ji. Duk garinmu Garsell an san ni Zenzi ba abin da ke wuce kunnena, amma ana so a ga ka yi kamar.

Mena ƙawata ce tun muna 'yan mata muna kai shanu kan dutse. Kassian ɗanta ne, shi ne ya kawo mana kujerun igiya masu kai masu wasan zamiya a kan ƙanƙara har ƙolin dutse, shi ne kuma ya yi ta zirga-zirga birni har aka gina mana wannan zauren, mai ɗumama ta ƙarƙashin daɓe da labule mai buɗe kansa. Ba zan ci haƙƙinsa ba. Kafin shi, yaro na gama makaranta sai ya tattara ya gangara birni, sai a jana'iza ake ganinsa. Yanzu jikokina biyu suna nan, ɗaya na koya wa baƙi zamiya, ɗaya na soya musu dankali. Amma gwamnatin lardi ba ta ba da zaure a banza ba. An ce duk abin da za a yi a ciki lokacin ƙanƙara, sai an bar wa 'yan yawon buɗe ido wurin zama.

"Kujerun baya kawai, Inna," in ji Kassian. "Ba sa jin harshenmu. Za su ga tsofaffi da gemun ulu, su yi dariya, su koma otal."

"Da gemun ulu? Zenzi, kin ji ɗan da na haifa?"

"Ni kurma ce yau," na ce.

"Gwaggo Zenzi, ke faɗi gaskiya. A rumbun ciyawar can da muke yi a dā, ba sanyi ne ya kusa kashe ki ba bara waccan?"

"Ya kusa. Amma ƙofarsa tana da sakata."

Tun kafin a haifi kakata ake Wankin Shekara a Garsell, ranar Lahadin ƙarshe kafin azumin coci. A kulle ƙofa, a hau dandamali, a kwaikwayi duk wata wauta da wani ya tafka cikin shekara. In an gama da kai, sai ka miƙe, a miƙa maka ƙoƙon barasa, gari ya yi maka ihu, a buga ƙafa, a kira ka da kowane suna. Kai kuma ka mayar da baƙar magana ɗaya, ka shanye, ka kife ƙoƙon. Shi ke nan an wanke ka. Daga ranar, duk wanda ya sake ɗaga maganar shi ne abin kunya. Ni ce mai tara musu labaran, shekara da shekaru. Mutane na cewa ina da baki. To, da ba don bakina ba, da rabin garin nan ba sa gaisawa.

Abin da Mena ba ta iya faɗa wa ɗanta ƙarara ba, wankin bana na ubansa ne.

Gidi, mijinta, shi ne mutumin farko da ya koya wa baƙo zamiya a kwarin nan, tun ana ɗaure katako da igiyar fata. Duk wani saurayi mai jan kwat na masu koyar da zamiya a gangaren nan ta hannunsa ya bi. Bara, ana gama wanki da 'yan kwanaki, sai ya je filin yara ƙanana zai nuna wa wata malama yadda ake juyawa. Ya tafi da gudu, ya rungumi zomon katako da aka kafa don yara su kewaya, wandonsa ya tsage tun daga baya har gaba. Yaran da ya koya wa da hannunsa su suka kwantar da shi a gadon majinyata da ake ja a kan ƙanƙara, suka gangaro da shi ta tsakiyar gari, ya rufe fuska da hula.

Gwiwar da ya gurɗe ta warke kafin ciyawa ta fito. Gidi ne bai warke ba. Ya daina zuwa teburin karta a gidan Valtl mai burodi, inda suke zagin juna tun suna samari. Coci sai ta sassafe, ya tsaya a baya, ya fice kafin a gama. Mutane kuma sai suka koma yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin ta gaida mara lafiya. Da lokacin kaka ya yi, Mena ta zo mini da jan kwat ɗinsa na dā a ƙarƙashin kwando.

"Ki ba Valtl ya sa," ta ce. "Kada ku tausaya masa, Zenzi. Ku yi masa tatas. Ina son mijina ya dawo."

To wannan ne ke cikinta ranar da take musu da Kassian. A ƙarshe dai ta ce masa, "Ubanka zai zo bana."

"Shi ya ce?"

"Bai ce ba. Amma na ji shi a garke yana faɗa wa shanu wata magana, yana maimaitawa, yana dariya shi kaɗai. Amsarsa yake shiryawa."

"To ai shi ke nan," in ji Kassian. "Baba ya saba da baƙi fiye da kowa. Ba abin da zai faru, Inna, na ɗauke miki."

Mena ta dube ni. Na ci gaba da ɗinki. Me zan ce? An riga an liƙa hotunan tallar wasan a kowane otal.

Ranar ta zo da rana mai kyau, ƙanƙara na ƙyalli har ido ya yi ciwo. Baƙi suka sauko daga dutse da manyan takalmansu suna ƙwaram-ƙwaram a kan sabon daɓe, fuskoki ja, suka cika baya har wasu suka tsaya. Mutanen kirki ne, ba zan yi musu sharri ba. Wata ma ta ba ni kujerarta, na yi godiya na wuce bayan labule. Gidi ya shigo a makare, ya sa rigar coci, ya aske gemu, ya zauna kusa da Mena yana kallon gwiwoyinsa.

Tun wasan farko na san ruwa ya yi tsami. An kwaikwayi limamin cocinmu da ya manta sunan amarya a wurin ɗaurin aure. Da a rumbu ne, da rufi ya ɗaga. A nan kuwa sai mutanenmu suka yi ta dariya a hannu, suna waigawa baya, kamar yaran da aka kai gidan surukai. Limamin ya miƙe, aka ɗan buga ƙafa, ya sha, ya zauna. Wanki dai an yi, amma da ruwa kaɗan.

Sai ga Valtl ya fito da jan kwat, tumbinsa ya hana maɓalli rufuwa, katakon zamiya a ƙafa, yana tafe yana gyara gashin baki yana cewa, "Ku matsa, yara, ku ga yadda maza ke yi." Matar maƙeri ce zomon, da kunnuwan kwali. Ya tunkare ta, ta kauce, ya sake tunkara, ya ce mata, "Ke zomo, kin san ko ni wane ne?" Ta ce, "Na sani, shi ya sa nake gudu." Ya rungume ta suka zube, wando ya yi ɓarr, da ma mun sassauta ɗinkin. A nan kam gari ya manta da baƙi. Na ji dariya irin ta dā tana tasowa daga ciki. Baƙin ma suka kwashe, don faɗuwa ba ta buƙatar tafinta. Na leƙa ta labule na ga kafaɗun Gidi suna rawa don dariya. Mena ta riƙe masa hannu.

Na kuma ga Kassian a jikin bango. Ba ubansa yake kallo ba, baƙin yake kallo. Wani saurayi a baya ya ɗaga waya yana ɗauka, yana nuna Valtl yana riƙe ciki. Fuskar Kassian ta sauya. Ɗa dai ɗa ne. Ya yarda gari ya yi wa ubansa dariya, amma bai taɓa ganin baƙo yana yi ba.

Valtl ya sauko da ƙoƙo ya kira, "Gidi, angon zomo, miƙe mu gan ka." Gidi ya miƙe a hankali, ya karɓa. Ƙafafu suka fara buga ƙasa. Wani ya ce, "Ina wandon?" Gidi ya gyara murya, idonsa na walƙiya irin wadda rabona da gani shekara guda.

Kafin ya buɗe baki, Kassian ya riga ya hau dandamali da abin magana a hannu. Ya yi magana da harshen baƙi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma shekarun da na yi ina gyaran gadajen otal sun koya mini isasshe. Ya ce wannan dattijon da kuke gani shi ne uban zamiya a kwarin nan. Ya ce ya taɓa tono mutane daga ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufto. Ya ce ba don shi ba da babu ɗayanku a nan. Ya ce, mahaifina ne.

Baƙi suka daina dariya. Kunya ta kama su. Matar da ta ba ni kujera ta fara tafi, sai na kusa da ita, sai suka miƙe gaba ɗaya. Tafi mai nauyi, a hankali, irin wanda ake yi wa wanda ya gama aikinsa a duniya. Wata har da share hawaye.

Mu kuma fa? Wa zai ce "ina wandon" ana wannan? Ƙafafu suka tsaya. Maƙeri ya fara tafawa, sai liman, sai kowa. Valtl na tsaye da tsagaggen wando, ya rasa inda zai sa hannayensa, shi ma ya haɗa su. Mena kaɗai ke zaune. Ta buga ƙafa ita kaɗai, ta ce, "Tsohon banza, angon zomo," amma tafi ya haɗiye muryarta.

Gidi ya tsaya da ƙoƙon a hannu yana duban mutanen da ya girma da su ɗaya bayan ɗaya, suna yi masa murmushin nan na asibiti. Na ga leɓensa ya motsa, sannan ya tsaya. Na san sirrin kowane gida a Garsell, amma abin da ya faɗa wa shanun nan har yau ban sani ba, kuma ba na jin zan sani. Tun ranar bai sake zama a teburin Valtl ba.

Kassian ya sauko da fara'a, ya dafa shi. "Baba, ka gani? Ka ga yadda ake girmama ka?"

"Na gani, ɗana," in ji Gidi. "Saura furanni da akwatin gawa."

Ya miƙa wa Valtl ƙoƙon a cike. Bai bi ta baya inda baƙi ke buɗa masa hanya ba. Ya ratsa ta gefen dandamali, ya wuce ni bai ko dube ni ba, ya ja ƙofar ƙarfen da ake shigo da kayan wasa, ya fita, ya bugo ta har ƙanƙarar kan rufi ta zubo.