Ranar da Kwamfutar Baba Ta Yi Magana

Da aka zo rabon kayan Baba, ba wanda ya kalli kwamfutarsa sai ni. Fara ce a da, amma ta koma kalar haƙorin mai cin goro, allonta kuma mai ƙatuwar ƙeya ne irin na tsohuwar talabijin. A gwanjon ofishinsu ya saye ta tun ina firamare. Baba ne ladanin masallacin layinmu a Kubwa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ina leƙe ta taga ranar da ya kore mu daga ɗaki ya ɗauki kiran sallarsa a cikinta da wata 'yar makirfo. Ya rasu ina da cikin 'yata Ikhlas. Da yana raye, shi ne zai yi mata huɗuba a kunne. Shi ya sa na ɗoro kwamfutar a keke-napep har gida, ina so yarinyar ta ji muryar kakanta.

Kwamfutar tana tashi lafiya lau, ga sunan abin da Baba ya ɗauka nan a allo. Amma in ka danna sai ta fito da gargaɗi da Turanci, sifikokin kuwa shiru. Ƙanena Aminullahi ne ya taɓa sake ɗora mata Windos don ya yi wasan mota. Tun daga ranar sauti ya ɗauke, faifan da ya zo da ita kuma ya ɓace.

Akwai wani shirun a gidana wanda ya fi wannan damuna.

Farkon damina Ikhlas ta yi zazzaɓi mai zafi, har aka kwantar da mu a asibiti. Allah ya ba ta lafiya, ta dawo tana cin abinci, kumatu suka ciko, ta fara zama da kanta. Sai dai gwarancinta bai dawo tare da mu ba. Kafin ciwon, tun asuba take fara "ba-ba-ba" har sai ta tashe mu. Bayansa sai dai ta bi ka da ido. An yi wata tsawa da ta sa na saki faranti, ita kuwa tana wasa da yatsun ƙafarta. Jirgin ƙasa ya busa ƙaho muna kusa da tasha, yaran wasu suka fashe da kuka, tawa ko motsi.

Na gaya wa mijina Hanif. Ya dawo daga aiki a cikin gari, ya sha cunkoson hanya, yana cire takalmi ya ce, "Maman Ikhlas, kin cika sa ido. Yarinyar da ta sha allurai, ki bar ta ta huta mana."

Na gaya wa mahaifiyarsa. Hajiya ta ce, "Mai haƙuri ce, ubanta ta biyo. Wasu na neman ɗan da ba ya kuka, ke an ba ki kina ƙorafi."

Na taɓa tafa mata hannu ta juyo ta yi murmushi, na kwana da farin ciki. Daga baya na tuna a gabanta nake tsaye lokacin. Sau da yawa na zagaya ta bayanta na ɗaga hannuwa, sai in kasa haɗa su. Sai in koma kan kwamfutar, don ita dai na san akwai mai gyaranta.

Mai gyaran sunansa Godspower, yana da shago a kwantena kusa da kasuwa. Ya saurare ni yana cin gyaɗa.

"Madam, wannan kwamfuta bai mutu ba. Bebe ne kawai."

Ban so kalmar ba. Na gyara goyona.

Ya ce akwai katin sauti a ciki, amma kwamfutar ta manta yadda ake magana da shi. Sai an ɗora mata wata 'yar manhaja da suke kira direba, kuma kowane kati da nasa. Na ce to ya kwafe mini muryar kawai a filas.

"Filas? Madam, lokacin da aka yi wannan abu, ni ma ban san filas ba. Kuma kar ki sake ɗauko shi a keke. Ramin hanya ɗaya, faifan ciki ya tafi, muryar Baba ya tafi. Ki buɗe shi a gida, ki ɗauko mini hoton lambar da ke kan katin."

Na buɗe ta da sukudireban keken ɗinkina. Ƙura ta yi kauri kamar auduga, ga yanar gizo-gizo, ga wata tsaka da ta bushe a gindin fanka. Katin kore ne, ramukansa masu launi suna leƙowa ta baya. Na goge baƙin ɗan murabba'in da ke tsakiyarsa da gefen ɗankwali har lambar ta fito, na ɗauki hotonta na tura masa.

Faifan direba na farko da ya ba ni bai dace ba. Ina cikin ɗorawa allon ya koma shuɗi gaba ɗaya, daga cikin akwatin kuma na ji wani ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin katako. Na kira shi na kara wayar a jikinta. Ya saurara.

"Wannan ƙara ba na so. Faifan ciki ya gaji. Kar ki riƙa kunna shi haka kawai. Ranar da ya yi magana, ki ɗauka da waya nan take, don ban yi alkawarin zai yi sau biyu ba."

Duk tsawon kwanakin nan, kowa ya wuce sai ya taɓa maɓallin ƙara da ke jikin sifikar. Ni na murɗa. Aminullahi ya zo gaisuwa ya ƙara. Hanif ya murɗa har ƙarshe, ya kara kunne ya ce huci kawai yake ji. Ba wanda ya tuna ya mayar.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo wuta. Hanif yana gida, Hajiya ta zo daga Kuje tun jiya, tana zaune a kujera da kofin kunu. Na zaunar da Ikhlas a tabarma, bayanta ga teburin kwamfutar, na ba ta cokalin roba tana tauna. Na sa faifai na biyu.

"Har yanzu wannan gawar kike wa wanka?" in ji Hajiya.

"Yau dai in sha Allahu, Hajiya."

Na shiga inda Godspower ya nuna mini, inda sunan katin yake da alamar tambaya ruwan ɗorawa a gefensa. Na nuna mata faifan. Ta yi ta tunani, fitilar gabanta na ƙiftawa, ƙas-ƙas ɗin nan na zuwa yana tafiya. Sai alamar ta ɓace. Ta ce in kashe in sake kunnawa. Na yi bisimilla na danna.

Allon ya yi baƙi, ya yi haske. Sai kiɗan da take yi in ta tashi ya fashe a ɗakin.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin gida ba. Gilashin taga ya yi rawa. Hajiya ta saki kofi tana salati, kunu ya wanke mata zane. Hanif ya toshe kunnuwa ya yi tsalle ya murɗe maɓallin. Kajin maƙwabta suka ɗauki kururuwa.

Ikhlas tana zaune tana tauna cokalinta.

Ƙeyarta nake kallo, inda gashi ya ɗan murje saboda kwanciya. Ko kafaɗarta ba ta ɗaga ba.

Hanif ya fara dariya, ya juyo zai yi mini magana, ya bi inda idona yake. Dariyar ta tsaya.

"Ta saba da hayaniya ne," in ji Hajiya tana kakkaɓe zane. "Yaran Abuja, janareto ke yi musu reno."



Na sauko da sifika ɗaya na ajiye a tabarma kusa da yarinyar, na danna sunan da Baba ya rubuta. Aka yi ɗan shiru, na ji gyaran muryarsa, sannan ya ɗaga kabbara. Shi ne, har da ɗan karkarwar da muryarsa ke yi in ya ja. Na daɗe ina zaton ranar da na ji shi zan yi kuka. Ban samu sarari ba. Hajiya kuwa ta fara amsa kiran a hankali, bisa sabo.

Ikhlas ta ga baƙon abu a gefenta, ta saki cokali ta dafa shi da hannu biyu. Sai ta buɗe ido, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Alhamdulillahi! Kin gani ko?" Hajiya ta tafa hannu. "Ta ji kakanta! Ke dai Hussaina ba a raba ki da neman abin damuwa."

Hanif ya sauke ajiyar zuciya. Ni ma na so in yarda, Allah ya sani na so. Na durƙusa na ɗora tafina a kan sifikar kusa da nata. Tana karkarwa a hannu kamar injin markaɗe. Na zare ta daga hannun yarinyar na ɗaga sama ta bayanta. Baba yana kan shahada, murya ta cika ɗakin. Ikhlas ta duba tafukanta, ta duba tabarma inda abin yake ɗazu, ta ɗauki cokalinta.

Aka buga ƙofa. Maman David ce, maƙwabciyarmu. "Lafiya kuwa? Yau da wuri kuka kira salla?"

"Lafiya lau, muna gwada abu ne," in ji Hanif ta bayan ƙofa. Muryarsa ba tasa ba ce.

Godspower ya ce mini in sauti ya dawo in gwada sifikokin ɗaya bayan ɗaya, don tsofaffi ne. Akwai wani ɗan ma'auni a allo, in ka ja shi hagu sautin ya koma sifikar hagu kaɗai, in ka ja dama ya koma dama. Na warware wayoyin.

"Abban Ikhlas, riƙe wannan ta hagunta. Kar ta gani, kar kuma ya taɓa ta. Hajiya, don Allah ki riƙe wannan ta dama."

"Ni ba na son irin wannan abu. Kamar ana kira wa yarinya..."

"Hajiya, don Allah."

Ta karɓa.

Na mayar da kiran zuwa farkonsa, na ja ma'aunin hagu. Na riƙa murɗa maɓallin kaɗan-kaɗan har Hanif ya kawar da kai yana runtse ido. Ikhlas tana buga cokali a gwiwarta. Na rage, na ja shi dama, na sake farawa. Ba komai. Na ƙara. Ba komai. Hajiya ta daina amsa kiran. Na ƙara har sifikar ta fara tsatsa.

Cokalin ya tsaya.

Ba ta juyo gaba ɗaya ba. Kanta ta ɗan karkatar, ta haɗa gira kamar mai jin ana kiransa daga wata unguwa. Na rage, ta ci gaba da wasa. Na ƙara, ta sake tsayawa. Na maimaita har na tabbata ba idona ke yi mini abin da nake so ba.

Hajiya ta ajiye sifikar a hankali ta zauna a ƙasa, cikin kunun da ya zube, ba ta ma lura ba.

"Na dama yana ji," in ji Hanif. "Ko ba haka ba? Yana ji."

"Kaɗan. Kuma ban san ko jiya ya fi haka ba, ko gobe zai kai haka."

Na ɗauko zanen goyo da katin asibitinta.

Hanif ya ce, "Yau Asabar fa, likitan kunne ba lallai..."

"In ba ya nan su ba mu rana. Ni dai na gama jira a gida."

Daga kan tebur ƙas-ƙas ɗin ya dawo, ya fi na kullum ƙarfi. Muryar Baba ta tsaya a tsakiyar kalma, ta ci gaba, ta sake tsayawa. Hanif ya lalubi aljihunsa.

"Ba ki ɗauka a waya ba. Mutumin nan ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Ɗauko takalminka."

Hajiya ce ta miƙa hannu. "Ba ni wayar, nuna mini inda ake dannawa. Ku tafi."

Ban tsaya ganin ko ta danna daidai ba. A bakin titi, muna jiran mota, na kwance goyon na mayar da Ikhlas kafaɗata yadda kunnenta na dama zai zo saitin bakina. Na kira sunanta da ƙarfin da ban taɓa kiran kowa da shi ba. Masu jiran mota suka juyo, mai rake ya juyo, har kwandasta ya leƙo. Ban kula su ba. Fuskarta nake kallo, na ja numfashi na sake kira.