Ranar da Na Kayar da Dada

Ranar Talata na fasa wa Boota, wani ɗan kokawar filinmu, hanci. Na same shi a tsakiyar filin kokawa yana kwaikwayon tafiyar kakana Dada, ƙafa nan ƙafa can, hannu yana laluben bangon da babu shi. Samari suna ta dariya. Na kama wuyansa na sa masa goshi a fuska sau biyu. Jininsa ya zuba a kan ƙasar da Dada ya kwaɓa da mai da kurkum da hannunsa.

"Dake ni, Shafqat," in ji Boota yana tofar da jini. "Duk Gujranwala ta san tsohon wiwi yake zubawa a sardai ɗinsa."

Kakana shi ne Ustad Siraj Din. A waje "Ustad ji" ake ce masa don girmamawa, mu a gida Dada muke ce masa. Shekararsa saba'in da huɗu, arba'in daga ciki a kokawa, kuma ba a taɓa sa bayansa a ƙasa ba. A wurinmu kaye ke nan: kafaɗu biyu su taɓa ƙasa. Nasa ba su taɓa ba.

Wata biyar da suka wuce ya fara tangaɗi. In ya ɗaga kai ya dubi sama, jiri. In ya sunkuya, jiri. Wata Juma'a yana ruku'u ya faɗa kan sahun gaba, ya kwashe mutum uku. Daga nan magana ta tashi. Sardai kuwa madara ce da dakakken badam, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, abin shan kowane ɗan kokawa, ni nake daka masa. Ban taɓa ganin ganye ko ɗaya a turmin ba.

Mun nemi magani. Mai maganin gargajiya ya yi masa ƙaho a ƙeya. Mai kemis ya ce hawan jini ne, ya ba shi ƙwayoyin da suka sa shi gyangyaɗi da rana tsaka, abin ya ƙara kama da maye. An ɗauki hoton kansa, aka ce lafiya lau. Lafiya lau ɗin nan ita ta fi cutar da mu, domin mutane suka ce to ga shi, likita ma ya ce ba ciwo ba ne.

Da yammar da na doki Boota, Chaudhry Riasat mai filin ya zo gidanmu. Bai zauna ba.

"Ustad ji, iyaye suna janye 'ya'yansu. Jikanka kuma ya zama karen hauka. Ranar Lahadi ka zo da takardar likita mai sunan ciwon. In babu, fartanya ta koma hannun uban Boota, shi ma ai tsohon ɗan kokawa ne."

Wanda ke riƙe da fartanya shi ke fara kaftar ƙasar fili kowace safiya, kuma shi ne ustad, wato malamin 'yan kokawa. Na ga jijiyar wuyan Dada tana motsi.

Ranar Laraba na kai shi wajen likitan kunne, domin shi kaɗai ya rage. Dakta Naveed, ɗan siriri, cinyar Dada ta fi ƙugunsa kauri. Ya yi tambayoyi, Dada yana amsawa da kalma ɗaya ɗaya. Sai ya zaunar da shi a kan gadon gwaji, ya tsaya a gefensa, ya kama kansa da hannu biyu ya ɗan karkata shi.

"Baba ji, ku saki jiki. Zan kwantar da ku baya da sauri."

Ban yi tunanin komai ba sai da na ga hannun likitan ya fara turawa. Kafin in buɗe baki Dada ya cafke tsintsiyar hannunsa, ya sa kafaɗa a hammatarsa, ya wurga shi. Likitan ya bugi kabad ɗin magani, gilashi ya tarwatse. Wata nas ta kwarma ihu. Mai gadi ya shigo da sanda ya ɗaga, na riƙe sandar, ya naushe ni a kunne.

"Tsaya! Fita!" Likitan ne, yana zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Mai gadi ya fita yana hararata.

"Ba a haifi wanda zai kwantar da ni ba," in ji Dada.

"Ai na ga alama." Likitan ya laluba ya samo tabaransa, gilashi ɗaya ya tsage. "Ɗan kokawa ne? Da ka gaya mini, saurayi, da na yi sallama da matata kafin in fito." Ya goge baki. "Baba ji, ciwon nan a ido nake ganinsa, kuma ba ya fitowa sai kai ya koma baya. To ku kwanta da kanku. Ba zan taɓa ku ba."

Dada ya dubi gadon. Bai motsa ba. Yatsunsa sun damƙe ƙarfen bakin gadon har sun yi fari.

A nan na gane. Wata biyar ke nan yana kwana a zaune, ya jingina da bango, yana ce mana bayansa ke ciwo. Ashe in ya kwanta ne ɗakin yake juya masa. Tsoro yake ji. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar nan ba, kuma na tsani ganinsa.

"Mu tafi, Shafqat."

"Takardar fa, Dada?"

"Wanda ke son ganin bayana a ƙasa ya zo ya sa shi."

Na cire rigata. Tun ina shekara shida "ku" nake ce masa. Ranar nan na ce, "Kai ka ce."

Na shiga ta ƙasa na rungumi ƙugunsa. Gwiwar hannunsa ta sauka a bakina, na ji haƙori ya karye, na haɗiye jini. Ya shaƙe ni. Tsoho ne amma hannun nan ƙarfe ne, idona ya fara duhu. Muka bugi bango, muka ture kujera. Yana zagina da sunan ubana, ɗansa da ya mutu. Da ya ɗaga kai don ya ƙara matse ni, jirin ya kama shi, na ji ƙafarsa ta yi sanyi. Shi ne ya koya mini cewa in ƙafar abokin karawa ta yi sanyi ba a jira. Na harɗe ta, na ɗaga shi, na maka shi a kan gadon. Kafaɗu biyu. Na danne ƙirjinsa da nawa.

Ya yi wata ƙara da ban so in sake jin irinta. Likitan ya zo da gudu ya riƙe kan.

"Buɗe ido, Baba ji! Buɗe! Saurayi, duba."

Ƙwayar idon Dada tana fizga, tana juyawa ita kaɗai. Ta yi haka ɗan lokaci ta tsaya.

"Kunnen dama ne. Akwai wasu 'yan tsakuwoyi ƙanana a can ciki, sun bar mazauninsu. Ba wiwi ba ne, ba hauka ba ne. Kada ka sake shi, yanzu zan mayar da su."

Ya juya kan hagu, ya jira. Ya sa na mirgina shi, ya jira. Dada ya yi amai a hannuna. Sannan muka zaunar da shi. Duka bai kai minti goma ba. Wata biyar, minti goma.

Likitan ya rubuta takardar. Dada ya fita daga asibitin yana tafiya kusan sak. A hanya bai dube ni ba.

Ranar Lahadi Chaudhry ya karanta takardar a gaban kowa, har da Boota da hancinsa a ɗaure. Ya ce, "Ustad ji, a yi haƙuri. Fartanyarka ce."

Dada ya ratsa filin daga wannan baki zuwa wancan, ba tangaɗi. Ya ɗauki fartanyar. Ya jefo ta gabana, ta kafe a ƙasa dab da yatsun ƙafata.

"Wannan ya kayar da ni ranar Laraba," ya ce. "Kafaɗu biyu, a gaban shaida."

Ban gaya wa kowa ba. Da bai faɗa ba, babu wanda zai sani.

"Dada, gadon asibiti ne fa. Ba fili ba ne."

"Kaye kaye ne. Kafta."

Na kafta. Yanzu yana kwanciya ya yi barci a miƙe, yana ruku'u ba ya faɗuwa, ba wanda ya ƙara ambaton wiwi. Bai sake taka filin ba. Kullum ina daka sardai in ajiye masa a bakin ƙofa, in na dawo in tarar da kofin yadda na bar shi.