Dutsen da Baƙo Ya Ɗauko

Tsibirin yana tsakiyar wani babban tafki ne can saman tsaunuka, kuma sau ɗaya jirgin ruwa yake barinsa a rana, ƙarfe takwas na safe. Wanda ya rasa shi sai gobe.

Ranar Talata layin saukar baƙi 'yan yawon buɗe ido ya zagayo kan gidan Cirilo. Aka ba shi saurayi guda, Nahuel, ɗan Ajantina, daga wani gari na bakin teku. Dogo ne, jakar bayansa ta fi shi faɗi. Daga bakin tafki zuwa gidan sau huɗu ya tsaya yana haki yana dariya.

"Baba, ina kuka ɓoye iskar garin nan?"

"Tana nan," in ji Cirilo. "Ku ne ba ku iya shaƙa ba."

Matarsa Hermelinda ta ba baƙon miyar hatsin kinuwa da dankali da soyayyen cuku. Ya ci rabi. Da la'asar ya bi sauran baƙi ya hau tudun tsakiyar tsibirin, inda tsohuwar katangar kakanni take, wadda ba a buɗe ƙofarta sai sau ɗaya a shekara. Ya dawo da ciwon kai. Aka dafa masa ganyen muña, mai kama da na'ana'a, ya sha, ya shige ƙarƙashin barguna biyar.

Da gari ya waye Cirilo ya leƙa ɗakin. Leɓunan saurayin sun yi shuɗi. Ƙirjinsa yana ƙara kamar tukunya ta fara tafasa. A bakin taga kuma ga wani baƙin dutse, girman dunƙulen hannu, gefe guda a sassaƙe. Shekara saba'in Cirilo yana ganin irinsa a katangar can.

"Ina ka samo wannan?"

"A saman tudu. A ƙasa na tsince shi. Tsarabar mahaifiyata ce."

Cirilo ya fita madafa ya gaya wa matarsa.

"Ciwon tudu ne, na ƙarancin iska, ya sauka masa a ƙirji," ta ce. "Ka sa shi a jirgin Zenón. A asibitin birnin Puno akwai iskar kwalba."

"Ba ciwon tudu ba ne. Ƙasa ce ta kama shi, ya ɗauko mata abinta."

"To kai ka mayar mana."

"Hannun da ya ɗauko shi ke mayarwa. Ke ma kin sani."

Ta sani. Ƙanen Cirilo, Fermín, ya taɓa ɗauko irin dutsen nan yana saurayi. Aka ƙetare da shi Puno da dutsen a aljihu, a can ya mutu. Cirilo ne ya tuƙa kwalekwalen ran nan.

Zenón mai jirgi, ƙanen Hermelinda, ya biyo ta ƙofar gidan da igiya a kafaɗa.

"Suruki, an ce baƙonka ya kwana yana tari kamar haushin kare. Me ka ba shi, miyar takalminka?"

"Je ka kwashe ruwa daga kwandon da kake kira jirgi."

Zenón ya leƙa ɗakin. Ya fito ba dariya.

"Kawo shi yanzu, tsoho."

"Za mu hau mu sauko. Yanzu shida da rabi. Minti arba'in hawa, ashirin sauka."

"Da ƙafar wa?"

Cirilo ya ɗauko mayafin ɗaukar kaya ya ɗaura.

"Zan ƙara maka minti goma," in ji Zenón. "Don yayata, ba don kai ba. Ina da mai naƙuda a jirgin."

Cirilo ya tashe baƙon, ya sa masa hula, ya damƙa masa dutsen.

"Baba, likita nake so."

"Bayan wannan."

Nahuel ba shi da ƙarfin gardama. Ya bi shi.

Tun Cirilo yana ɗan shekara shida yake hawan tudun nan, da buhu a baya ma ya hau. Bai taɓa sanin hanyar tana da tsawo ba sai yau. Saurayin ya yi taku goma ya zauna. Ya yi takwas ya zauna. A wajen gonakin wake ya tofar da kumfa mai ja-ja. Cirilo ya gani, ya ce a ransa ƙasa ce ke gaggawar abinta, ya ƙara riƙe shi.

Suna tsakiyar hanya jirgi ya yi ƙaho. Ya sake yi. Ya yi na uku, mai tsawo.

"Wancan namu ne?"

"Tashi," in ji Cirilo.

Sai goma saura suka kai. Cirilo ya nemo gurbin a katanga, ya jera ganyen koka uku na sadaka ga ƙasa, ya kama hannun Nahuel ya sa ya tura dutsen da kansa. Ya shiga daidai. Tsohon ya cire hularsa ya roƙi gafara da sunan baƙonsa.

Nahuel ya jingina da katanga. Can a tsakiyar ruwa jirgin ya zama ɗigo.

"Yanzu zan warke?"

"Yanzu za ka warke."

Bai iya tashi ba. Cirilo ya kwance mayafin ɗaukar kaya, ya goya shi yadda yake goyon buhun dankali, ƙafafun suna jan ƙasa. Yana jin numfashin a wuyansa, da ɗumi, da ƙara. Sun wuce gonakin wake kaɗan ya daina ji. Bai tsaya ba har gida.

Washegari ƙarfe takwas Zenón ya shimfiɗa gawar a bayan jirgi, a nannaɗe cikin bargo. Bai dubi surukinsa ba. Hermelinda ce ta ɗauko jakar saurayin, ta ajiye a gefen gawar.

Da jirgin ya yi nisa ta ce wa Cirilo, "Idan uwarsa ta zo, me za ka gaya mata?"

"Makara na yi. Da tun yammar da ya dawo na ga dutsen, da ya rayu."

Ta juya masa baya. Sannan ta hau gida ita kaɗai, ta sa wa ɗakin baƙi kwaɗo, ta jefa makullin cikin zaninta.

Cirilo ya tsaya a bakin ruwa har rana ta take. Da ya koma bai tarar da wuta a murhu ba. Bai tambaya ba.