Ruwan Tumfafiya

Shekara biyu Hamdiyya ta yi a jami'ar Aliero tana aiki a kan tumfafiya. Farin ruwan itacen na ɗauke da wani sinadari, dangin wanda ake maganin ciwon zuciya da shi, kuma masana na hasashen irinsa zai iya kashe kansar huhu. Takan tace shi, malaminta Dakta Yahaya ya aika wani ɗakin gwaji a kudu, a ɗiga a kan ƙwayoyin kansar huhu cikin ɗan faranti, a turo mata hotuna.

Mahaifinta, Alu mahauci, shekara talatin ya yi a bakin tukubar nama a kasuwar Jega. Babu abokin cinikin da bai gaya wa ɗiyarsa na haɗa maganin cutar kansa ba. Da tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka kai shi Sakkwato. Likita ya ce kansar huhu ce, ta riga ta bazu, a koma gida a riƙa ba shi maganin rage zafi. Hamdiyya ta fi kowa gane bayanin. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta tambayi inda ake shiga motar Jega.

Kwana uku da dawowarsu mahaifiyarta, Inna Kyauta, ta tare ta a tsakar gida.

"Ina maganin naku? Ki ɗauko mishi."

"Inna, ba magani ba ne tukuna. A faranti kawai aka gwada, ko ɓera ba a ba wa ba."

"To shi tsohonki bai kai ɓera ba?"



Ranar Laraba ta dawo daga Aliero da la'asar, ta tarar da tukunya a murhu, ganyen tumfafiya na tafasa, an ajiye kofi a gefe. Ta sauke tukunyar ta juye a makwarara.

"In ya sha wannan zuciyarshi za ta tsaya kafin ya taɓa huhun," ta ce.

Inna ta zauna a kan turmi tana kallon ruwan yana bin rariya.

Daga ɗaki Alu ya kira ta, murya a dishe. Ya ce ta nuna masa hotunan nan da take ta faɗi. Ta buɗe waya: ga ƙwayoyin a cunkushe, ga su kuma bayan kwana biyu sun yamushe.

"Wanga huhun na wa ne?"

"Na wani bature ne, Baba. An ciro ƙwayoyin tun ba a haife ni ba, har yau ana rainonsu."

Ya daɗe yana dubawa, yana matso da hoton da yatsa.

"Mu in munka fede dabba munka ga huhu da tabo, yarwa mukai. Ku ko kun aje kuna kiwo." Ya fara dariya, tari ya karɓe ta.

Ya rasu bayan sati biyar, ranar kasuwa. Mahauta suka rufe rumfuna suka zo. Mata na ta ce wa Hamdiyya ta yi kuka ko ta samu sauƙi. Ta nema a cikinta ba ta samu ba, sai ta tashi ta kama raba ruwa.

Bayan sadakar bakwai ta koma makaranta. Dakta Yahaya ya yi mata gaisuwa, sannan ya juyo mata da kwamfuta: sakamakon ƙarshe ya iso, ya fi duk na baya kyau.

"In kina so a ɗaga ranar da za ki kare aikin a gaban malamai, sai a ɗaga."

"A bar ta yadda take, Malam."

Ta ja kujera ta fara kwafe lambobin cikin jadawali. Sai da ta kai layi na ashirin ta lura a gurbin da ba nasu ba take zuba su. Ta goge, ta faro daga sama.