Ta'aziyyar Shugaba Harkness

A kan farin allo, Shugaba Harkness yana durƙushe cikin ruwan sama a ƙofar gidan mai askinsa, yana rusa kuka kamar shi aka yi wa mutuwar. A ƙarƙashin allon mutum arba'in ne zaune, kowa riƙe da ɗan akwati mai maɓallin murɗawa. Haka ake gwada wasan talabijin a garin Burbank kafin a sake shi: abin da ya yi maka daɗi ka murɗa dama, wanda ya gundure ka ka murɗa hagu.

Ozell Tillery, mai askin na gaskiya, yana zaune a bayan gilashi da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Kusa da shi Brent Kowalik ne, mai shirya wasan, ya zura wa wani jan layi mai auna jin daɗin masu kallon ido yana hawa a na'ura.

"Mista Tillery, ka ga wannan? Casa'in da huɗu! Ko sumbatar da aka yi a kashi na uku ba ta kai haka ba."

"Bai zo gidana ba," in ji tsohon.

"Na sani, na sani."

"Ba ka sani ba, yaro. Shekara takwas ina riƙe da haɓar mutumin nan. Da aka kashe ɗana Lamont a yaƙin da shi ya tura su, takarda aka aiko mini, ita ma inji ne ya sa mata hannu. Ran Litinin na koma aiki. Ya zauna, ya ce in rage masa gefe. Ko a madubi bai dube ni ba."

"Ai mun ɗauki wannan, mun gwada shi tun Satumba. Talatin da ɗaya ya samu." Brent ya gutsuri burodinsa. "Mutum ya dawo aiki, yana cin kazarsa, sai ka nuna masa shugaba marar imani? Tasha zai sauya. Abu kaɗan muke so: ka fito a ƙarshe, daƙiƙa goma, ka ce haka aka yi. Sunan Lamont zai shiga gida miliyan tara fa."

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai zo Burbank ba, nan sau biyu take 'ya'ya a shekara. Ozell ya dubi ɗan wasan da aka sa a madadinsa yana shafa kan shugaba, yana cewa ya yafe. Mutuwar Lamont kaɗai ta rage masa, ga ta ana yi mata kwaskwarima don masu cin kaza.

Ana kunna fitilu ya miƙe. Brent na kiransa, bai waiwaya ba, ya tura ƙofa ya shiga zauren. Wani ma'aikaci ya yi azarɓaɓin sanar da ko shi wane ne, aka kaure da tafi. Wata mata mai furfura ta riga kowa isowa, idanunta jajur, ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Wayyo Baba! Allah ya jiƙan yaronka. Amma ka yi dacen ubangida. Ni da ban zaɓe shi ba, yau kunya nake ji."

"Baiwar Allah, ƙarya ce," Ozell ya ce, ya ɗaga murya don na baya su ji. "Mutumin nan bai taɓa taka ƙofata ba. Ko sannu bai ce mini ba."

Matar ta dube shi da tausayi, ta ɗan gyara masa wuyan riga, ta sassauta murya irin yadda ake yi wa majinyaci.

"Haba Baba, tsufa ne, mantawa ka yi. Ai yanzun nan muka gani da idonmu."